Yaron da Ya Kasa Karatu: Daƙiƙanci Ne ko Tangarɗar Koyo? Nazari Daga Dutse Uku, Jos

1.0 Gabatarwa

A kusan kowane aji na firamare akan sami yaro ɗaya ko biyu da malami ya riga ya fid da rai a kansu. Su ake zaunarwa a bencin baya, su bulala ta fi sani, kuma su ake yi wa laƙabi da daƙiƙi ko dolo ko mai ƙwaƙwalwar kifi. Abin mamaki shi ne, da yawansu idan aka tashi daga makaranta ba a fin su wayo. Su ake aika kasuwa su dawo da canji daidai, su ke ba da labarin fim tun daga farko har ƙarshe. Sai an buɗe littafi ne komai yake tsaya musu cik.

Wannan muƙala za ta dubi irin waɗannan yara. Za ta bayyana abin da ake nufi da tangarɗar koyo da yadda ƙwaƙwalwa take koyon karatu, sannan ta kawo misalai daga unguwarmu ta Dutse Uku da ke ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a Jihar Filato. Abin da nake son nunawa shi ne, wahalar karatu galibi wahalar sauti ce, sauti kuwa fagenmu ne mu ɗaliban harshe. Ni dai da Izere, harshen Afizere, na tashi a gida. Hausa a layi da kasuwa na koye ta kafin in zo in yi nazarinta a jami'a, don haka na san yadda harshe na biyu yake shiga kunnen yaro.

2.0 Ma'anar Tangarɗar Koyo

Tangarɗar koyo ita ce wahala mai ɗorewa da yaro yake sha wajen koyon karatu ko rubutu ko lissafi, alhali basirarsa lafiya lau, yana gani, yana ji, kuma an koyar da shi yadda ya kamata. Wani masanin ilimi ɗan Amurka, Samuel Kirk, shi ya yaɗa wannan suna a wani taro da aka yi a Chicago a 1963. Ta kasu kashi uku:

(a) disileksiya, wato wahalar karatu da haɗa baƙi;
(b) disgirafiya, wato wahalar rubutu;
(c) diskalkuliya, wato wahalar fahimtar lambobi da lissafi.

Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, a kundinta na 2013, ta ƙiyasta cewa yara 5 zuwa 15 cikin 100 na 'yan makaranta suna da ɗaya daga cikin waɗannan. Ke nan a ajin da ke da yara 60 ana iya samun 3 zuwa 9. Disileksiya ta fi yawa, kuma a kanta zan fi tsayawa. Tana bin jini a dangi, kuma ba ta bar mata ba. Binciken da Sally Shaywitz ta Jami'ar Yale da abokan aikinta suka fara a 1983, inda suka bi yara 445 shekara da shekaru, ya nuna cewa akwai 'yan mata da yawa masu ita waɗanda malamai ba su lura da su ba, saboda sun fi maza zama shiru a aji.

Da farko an ɗauka ciwon ido ne. Wani likitan ido Bajamushe, Rudolf Berlin, shi ya ƙirƙiro kalmar disileksiya a 1887. A 1896 kuma wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya ba da labarin wani yaro ɗan shekara 14 mai kaifin basira wanda ya kasa karatu, ya kira abin makantar kalma. Malamin yaron ya shaida masa cewa da a ce da baki kawai ake koyarwa, da yaron ya fi kowa a makarantar. Sai daga baya bincike ya gano cewa idon lafiya yake, matsalar tana wajen sarrafa sautin magana.

3.0 Yadda Ƙwaƙwalwa Take Koyon Karatu

Yaro yakan koyi magana ba tare da an zaunar da shi an koya masa ba. Karatu ba haka yake ba. Rubutu bai wuce shekara 5,000 da ɗoriya a duniya ba, kuma babu wani sashe na ƙwaƙwalwa da ake haihuwar mutum da shi a shirye domin karatu. Abin da ƙwaƙwalwa take yi shi ne, ta ari sassan gani da sassan magana ta gina hanya a tsakaninsu. Sassa uku ne suka fi yin wannan aiki, kuma ga yawancin mutane duk suna ɓangaren hagu:

Na farko yana gaba, shi ne sashen da likitan Faransa Paul Broca ya gano a 1861, wanda ke da hannu wajen furuci. Na biyu yana gefe, sama da kunne ta baya, inda ake haɗa harafi da sautinsa. Na uku yana can baya ta ƙasa, kusa da sashen gani. Masanin ƙwaƙwalwa Stanislas Dehaene na Faransa ya kira shi akwatin haruffa, domin nan ne ake gane kalmar da aka saba da ita da kallo ɗaya.

Hanyar da ke tsakanin waɗannan sassa kamar turba ce a cikin ciyawa: yawan bi ne yake fito da ita. Ga yaro mai disileksiya, hotunan ƙwaƙwalwa sun nuna cewa sassa biyun na baya ba sa aiki da ƙarfi a lokacin karatu. Yana jin kalma, ya san ma'anarta, amma da ƙyar yake iya farfasa ta zuwa gaɓoɓi da ƙwayoyin sauti. Wanda bai ji cewa akwai sautuka huɗu a cikin "gida" ba, haruffa huɗun da aka rubuta masa a allo zane ne kawai a wurinsa.

Akwai wasu abubuwa uku da ya kamata malami ya sani. Na farko, ƙwaƙwalwa ta saba da cewa buta buta ce, ko bakinta ya kalli gabas ko ya kalli yamma. Sai ga shi a aji an ce idan cikin harafi ya kalli dama "b" ne, idan ya kalli hagu "d" ne. Shi ya sa kusan duk ƙananan yara suke juya haruffa a farko. Wannan shi kaɗai ba alamar disileksiya ba ce, sai idan ya daɗe kuma ya haɗu da wasu alamu.

Na biyu, abin da ƙwaƙwalwa take iya riƙewa a lokaci guda tana aiki da shi bai cika wuce abu huɗu ba. Kalmar "makaranta" tana da haruffa tara. Yaron da ke bin su ɗaya-ɗaya, kafin ya kai ƙarshe na farko sun zube. Amma idan aka raba masa ita gaɓa huɗu, ma-ka-ran-ta, kayan sun zama daidai ɗauka.

Na uku, tsoro yana cinye wannan ɗan wuri. Yaron da idonsa ke kan bulala ba shi da sauran hankalin da zai ba wa harafi.

Abin farin ciki shi ne ana iya gina turbar. A 2004 Shaywitz da abokan aikinta sun buga sakamakon wani gwaji da aka yi wa yara masu wahalar karatu, waɗanda aka koya wa haɗa sauti da harafi kullum na kusan shekarar karatu guda. Karatunsu ya inganta, kuma hotuna sun nuna sassan hagun sun ƙara aiki.

4.0 Rubutun Hausa: Sauƙinsa da Tarkonsa

A 2001 Eraldo Paulesu da wasu masana sun gwada masu disileksiya daga Italiya da Faransa da Ingila. Sun tarar da rauni iri ɗaya a ƙwaƙwalwarsu, amma 'yan Italiya sun fi iya karatu, domin rubutun Italiyanci yana bin furuci sau da ƙafa. Haka kuma binciken Philip Seymour da abokansa na 2003 ya nuna cewa a ƙarshen shekarar farko ta makaranta, yaran Finland da Girka da Italiya suna karanta sama da kashi 90 cikin 100 na sauƙaƙan kalmomi daidai, alhali masu koyo da Ingilishi ba su kai rabi ba. Ingilishi yana da sautuka kusan 44 da haruffa 26, kuma sauti ɗaya ana iya rubuta shi ta hanyoyi da dama.

A nan Hausa ta yi sa'a. A rubutun boko, galibi harafi ɗaya sauti ɗaya yake wakilta. Gaɓar Hausa kuma siga uku gare ta: baƙi da wasali kamar "na", baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali kamar "kai", sai baƙi da wasali da baƙi kamar "nan". Yaron da ya iya waɗannan ya sami mabuɗin kusan kowace kalma. Duk da haka akwai tarko uku:

(a) Haruffa masu ƙugiya. Hausa ba ta da "p" da "q" da ke rikita yaran Ingila, amma tana da b, ɓ, d, ɗ, haruffa huɗu masu kama da juna, ga kuma k da ƙ. 'Yar ƙugiya ce kawai ta raba "bari" da "ɓari", "daka" da "ɗaka", "kafa" da "ƙafa".

(b) Tagwayen baƙaƙe irin su sh, ts, ky, gw da ƙw. Ido yana ganin haruffa biyu, baki kuwa sauti ɗaya zai furta.

(c) Rashin nuna tsawon wasali da karin sauti. "Gari" na zama da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya. Haka "gado" na kwanciya da "gado" na dukiya, da "wuya" na jiki da "wuya" ta wahala. Mai karatu sai ya dubi jimla kafin ya san wanda ake nufi, wannan kuwa ƙarin kaya ne ga yaron da ƙarfinsa ya ƙare wajen haɗa baƙi.

5.0 Misali Daga Dutse Uku

Yaron Dutse Uku yakan tashi da harsuna uku. A gida ana iya yi masa Izere ko Berom ko Ngas ko Hausa, a layi Hausa ce ta haɗa kowa, a aji kuma Ingilishi. Hausar da yawancinmu waɗanda ba Hausawa ba muke yi tana da nata kamannu. Sau da yawa ba ma bambanta ƙ da k, ko ts da s, kuma jinsi yakan ɓace, a ce "mace ya zo". Bayan haka, unguwar ta ga rikice-rikicen Jos, musamman na 2008 da na Janairun 2010, waɗanda suka sa iyalai da dama ƙaura, karatun yara ya katse. Saboda haka idan yaro ya kasa karatu a nan, dalilan suna da yawa, kuma dole a tace su.

A lokacin yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas, na riƙa yi wa yaran maƙwabta darasin yamma a barandar gidanmu. Biyu daga cikinsu sun isa misali.

Ta farko yarinya ce 'yar shekara 8. Idan na yi mata shifta takan rubuta "kasa" a maimakon "ƙasa", "saya" a maimakon "tsaya". A makaranta ana cewa ba ta ja. Sai na ajiye littafi muka yi wasan baki. Na ce ta faɗi "kujera" ba tare da "ku" ba, nan take ta ce "jera". Na ce ta cire sautin farko na "kaza" ta sa na farkon "gida", ta ce "gaza" tana dariya. Kunnenta yana farfasa kalma sarai. Abin da take rubutawa shi ne abin da take furtawa, kowane tsuntsu kuwa kukan gidansu yake yi. Bukatarta ita ce a koya mata sautukan daidaitacciyar Hausa ta hanyar zubin kamantau, a kuma ƙara mata kalmomin Ingilishi. Cikin 'yan makonni ta kama.

Na biyu yaro ne ɗan shekara 10, ɗan aji huɗu, Bahaushe gaba da baya. Ƙ da ts ɗinsa sun fi nawa fita, ga iya labari, ga sanin sunan kowane ƙarfe a jikin keke. Yana karanta littafin ajinsu tiryan-tiryan, amma da na nuna masa kalma ɗaya a tsakiyar shafi sai ya tsaya. Ashe haddacewa ya yi. Na ce ya faɗi "makaranta" ba tare da "ma" ba, ya yi shiru, can ya ce "aji". Wato ma'ana ya bi, sautin bai rabu masa ba. Na rubuta masa ƙagaggun kalmomi marasa ma'ana, irin su "nofa" da "tilu", waɗanda ba a iya cinkarsu sai an haɗa baƙi, ya kasa ko ɗaya. Abin da ya ce mini shi ne, "Malam, haruffan ne ba sa zama a kaina." A lokacin mahaifinsa ya fara maganar cire shi daga makaranta, tunda a ganinsa asarar kuɗi ake yi.

A takardar sakamako waɗannan yara biyu maki ɗaya suke samu, amma abin da ke damunsu ya bambanta. Darasin da ke nan shi ne, a gwada yaro da harshen da ya fi iyawa, kuma a fara da baki kafin takarda. Wanda rashin harshe ya tsayar, zai ci wasan sauti a harshensa. Mai disileksiya kuwa, wahalar za ta bi shi cikin kowane harshe. Kafin a yanke hukunci kuma a tambaya: yana gani sosai? Yana ji sosai? Yana zuwa makaranta kullum? Yana cin abinci kafin ya fito? Ya taɓa doguwar jinya, kamar ta sikila ko zazzaɓin da ya taɓa ƙwaƙwalwa? Tabbatar da disileksiya aikin ƙwararru ne, namu shi ne mu lura, mu taimaka, mu tura.

6.0 Hanyoyin Koyarwa

Tun a shekarun 1930 likita Samuel Orton da malama Anna Gillingham suka tsara hanyar koyar da irin waɗannan yara a Amurka. Abin da bincike ya fi tabbatarwa a cikinta shi ne koyar da alaƙar sauti da harafi a fili, daki-daki, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Wannan tsari ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A makarantar allo akan fara da babbaƙu, a wuce farfaru, sannan haɗɗatu, kuma haruffa suna da sunaye masu bayyana siffarsu, irin su "ba guje" da "lam jaye". Ga yadda na bi da yaron nan:

1. Wasan kunne na minti biyar. Tafa gaɓoɓin suna, neman kalmomi masu farawa da sauti ɗaya, da juya gaɓa irin na zaurance, "gida" ta koma "dagi".

2. Haruffa kaɗan masu yawan aiki. Da a, n, m, k kawai ana samun nama, mama, kaka, kama, nan. A makon farko yaro zai iya karanta jimla sukutum: "Mama na nan." Wannan nasara tana da muhimmanci ga wanda ya shekara huɗu yana faɗuwa.

3. Sautin harafi kafin sunansa, kuma na Hausa kafin na Ingilishi, don kada su cakuɗe.

4. Raba masu kama da juna. A koyar da b, a bari ta zauna na makonni kafin a kawo d, sannan ɓ da ɗ. A nan ilimin furuci yake aiki: b baleɓe ne, a sa yaro ya ji leɓɓansa sun haɗu. D bahanƙe ne, ya ji harshensa ya taɓa hanƙa. Ga ƙ da ts kuwa, ya ɗora yatsa a maƙogwaro ya ji motsinsa.

5. Sa hannu cikin aikin. Ya zana harafi a rairayi yana furta shi, ko ya jera murafen kwalba, kowane murfi sauti ɗaya.

6. Kaɗan-kaɗan kullum. Minti 20 kowace rana ya fi awa uku ranar Asabar, kuma kowane darasi ya fara da bitar na jiya.

7. Kare mutuncinsa. Kada a tsayar da shi ya yi karatu a gaban aji ba shiri. A ƙara masa lokaci a jarrabawa, a karanta masa tambayoyin lissafi da kimiyya, domin saninsa ake son aunawa.

Ga mai wahalar lissafi ma ƙa'idar ɗaya ce: a fara da tsakuwa da kuɗi da zai taɓa, a koma zane, sannan lambobi.

Bayan wata biyar yaron ya fara karanta gajerun labarai da kansa. Yana yi a hankali, kuma har yanzu yana kuskuren rubutu, domin disileksiya ba ta warkewa kamar zazzaɓi, ana dai koyon zama da ita. Amma ran da ya karanta wa mahaifinsa takardar da aka aiko daga makaranta, maganar cire shi ta mutu.

7.0 Inda Ake Neman Taimako

Jihar Filato tana da tarihi a ilimin masu bukata ta musamman. An buɗe makarantar makafi ta Gindiri a 1953. Jami'ar Jos tana da sashen da ke horar da malamai a wannan fanni, har da ɓangaren tangarɗar koyo. A 1999 Farfesa Joanne Umolu ta kafa cibiyar Open Doors a Jos domin yara masu bukata ta musamman. A matakin ƙasa kuma akwai kwalejin ilimi ta musamman da ke Oyo, wadda aka kafa a 1977, da dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci da aka sa wa hannu a Janairun 2019. Sai dai makaho da kurma ana ganinsu, yaron da muke magana a kansa kuwa ba shi da sanda ko wata alama, don haka yakan wuce ba a ƙirga shi ba.

Batun harshen koyarwa ma ya shafe shi. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi yaɗuwa a yankinsa. A 2022 aka faɗaɗa wannan zuwa shekara shida na firamare, a Nuwamban 2025 kuma ministan ilimi ya ba da sanarwar soke tsarin da komawa Ingilishi. Ko da wane harshe ake koyarwa a aji, babu abin da ya hana a gwada yaro a kuma taimake shi da harshen da yake ji.

8.0 Kammalawa

Wannan muƙala ta bayyana ma'anar tangarɗar koyo da yadda ƙwaƙwalwa take gina hanya tsakanin harafi da sauti. Ta nuna cewa rubutun Hausa yana da sauƙin da zai taimaki mai disileksiya, tare da tarkon ƙugiya da tagwayen baƙaƙe da karin sauti. Ta kuma nuna cewa a wuri mai harsuna da yawa kamar Dutse Uku, dole a bambanta yaron da harshe ya tsayar da wanda sauti ya gagara.

Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce mu shiga wannan fage. Ana bukatar jerin kalmomin gwaji na Hausa da aka tsara bisa sigar gaɓa, da ƙananan littattafai masu bin haruffa daki-daki, da nazarin kurakuran rubutun yara masu Hausa a matsayin harshe na biyu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa kundin digiri. Da yawanmu aji za mu koma, ko a koyarwar gwaji ko a bautar ƙasa. Idan muka shiga, mu fara duba bencin baya, mu ajiye littafi, mu ce wa yaron ya faɗi "makaranta" ba tare da "ma" ba, sannan mu saurari amsarsa da kyau.